Kundin aikin sashen daina shan taba a Birnin Kebbi: wa zai rubuta magani, wa zai miƙa shi

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin rubuta yadda aikin taimaka wa masu son daina shan taba yake tafiya a asibitinmu, wanda ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a cikin Birnin Kebbi, da kantin maganin da ke jikinsa. Ni ne mai harhaɗa magungunan da lasisinsa yake rataye a bangon kantin, saboda haka duk ƙwayar da ta fita ba bisa ƙa'ida ba, ni za a tuhuma. Shi ya sa aka ɗora mini ɓangaren bin doka, likitanmu kuma ya ɗauki duba marasa lafiya. Masu kemis shida sun yarda su shiga aikin, biyu a nan cikin gari, biyu a Jega, ɗaya a Argungu, ɗaya a Kamba.

Kafin mu sayi ko kwali ɗaya, na yi mako biyu ina bin takardu. Najeriya ta rattaba amincewarta da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, kuma sashe na 14 na yarjejeniyar ya ɗora wa ƙasashe nauyin taimaka wa mashaya taba su daina, har da sauƙaƙa musu samun magani. Dokar taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2015, da ƙa'idojin aiwatar da ita na 2019, sun hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, sun hana sayar da sigari kara-kara, sun hana sha a wuraren taruwar jama'a, sun kuma wajabta hoton gargaɗi a jikin kwali. Amma mai neman sanin wanda ya cancanci ya rubuta maganin daina taba, da wanda zai miƙa shi, sai ya koma ga dokokin magunguna, inda amsar take a hannun hukumomi uku. NAFDAC ce ke yi wa maganin kansa rajista, PCN ce ke ba kantin magani da kemis lasisi, MDCN kuma ita ke riƙe da rajistar likitoci.

A bakin ƙofar asibitin nan akwai mai tebur da ke sayar da kara ɗaya ga duk wanda ya miƙa kuɗi, babu mai tambayarsa takarda, alhali mu da za mu bayar da maganin sai mun cika takardun hukumomi uku. Na faɗi haka a taron yau, aka yi dariya, muka ci gaba da aiki.

Laraba, 22 ga Janairu

Mun zauna a kan jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Yulin 2024, wadda ita ce ta farko da ta yi game da jinyar manya masu son daina taba. Magunguna huɗu ta ambata: madadin nikotin irin su cingam da filastar mannawa a fata, da bareniklin, da bufurofiyon, da saitisin. Ta kuma ce kowane ma'aikacin lafiya ya riƙa ba da gajeriyar shawara ta daƙiƙa 30 zuwa minti 3 ga duk mai shan tabar da ya zo gabansa, sannan magani ya fi aiki idan an haɗa shi da bibiya da nasiha.

Gardama ta tashi a kan wanda zai rubuta. Babbar ma'aikaciyar jinyarmu ta ce likita ɗaya ba zai iya ganin kowa ba, kuma tun 2014 akwai tsarin gwamnatin tarayya na raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya. Maganarta tana kan hanya, sai dai ma'aikacin lafiya na matakin farko yana aiki ne da abin da littafin umarninsa ya ba shi dama, ba da abin da muka ga ya dace a zaune a ofis ba. Abin da muka tsayar shi ne, shawara da tambayoyin farko da bibiya na kowa ne, amma bareniklin da bufurofiyon ba za su fita daga kantin ba sai da takardar likita mai ɗauke da sunan mara lafiya, da shekarunsa, da ainihin sunan maganin, da ƙarfinsa, da tsawon kwanakin sha, da sa hannun likitan da kwanan wata. Masu kemis aikinsu nasiha da turo mutum. Lasisinsu bai wuce magungunan da ke cikin jerin da PCN ta amince musu ba, cikin kwalinsu na asali, don haka ba mu ajiye musu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Wannan makon ya tafi ne a kan tantance kaya. Duk samfurin da dillalai suka kawo, na ɗauki lambar NAFDAC da ke jikinsa na duba a kundin intanet na hukumar mai suna Greenbook. Ganin lamba a kwali kaɗai ba ya wadatarwa, domin mai jabu ma ya iya buga lamba. Sai lambar ta dace da sunan maganin, da ƙarfinsa, da kamfanin da ya yi shi, kuma rajistar ba ta ƙare ba, tunda shekara biyar take yi a sabunta. A nan ne kuma ake ganin ko an yi wa magani rajista a matsayin wanda sai da takardar likita, ko wanda ake saya kai tsaye. Da wannan muke aiki, ba da abin da ake yi a Ingila ko Amurka ba, ko da kuwa a can ana ɗaukar abin a kan kanta kamar sabulu.

Ranar Asabar mai kemis ɗinmu na Kamba ya zo da kwalaye biyar na filastar nikotin cikin baƙar leda, yana murna ya samo mana da sauƙi daga wani mai shigo da kaya ta iyaka. Na juya kwalin gaba da baya. Rubutun duka Faransanci ne, babu kalmar Ingilishi ko ɗaya, babu lambar NAFDAC, kuma gefen kwalin ya koɗe irin na abin da ya daɗe a rana. Na ce masa ba zan iya karɓa ba. Ya ce, "Yallaɓai, ai na Turai ne, ya fi waɗanda ake kawo mana ma." Na ce, "Alhaji, ƙila ma gaskiyarka ne, amma ni da kai ba mu san a motar da ya kwana ba, kuma ranar da ya cutar da wani babu wanda za mu nuna." Bai ji daɗi ba, domin da kuɗinsa ya saya. Mun rubuta lambar rukunin kayan, muka keɓe su a akwati mai kwaɗo, muka sanar da ofishin NAFDAC na jiha a rubuce. Na roƙi mai asibitin ya mayar masa da rabin kuɗinsa, saboda kada gobe ya ga irin wannan ya ɓoye mana.

Bareniklin yana da nasa tarihin da ya sa nake ƙara kula. A 2021 kamfanin Pfizer ya janye Champix, wato bareniklin ɗinsa, daga kasuwannin duniya bayan an gano wani gurɓataccen sinadari na dangin naitirosamin a cikinsa fiye da ƙima. Abin da ake samu yanzu na wasu kamfanoni ne, saboda haka duk kwalin da ya zo da tsohon sunan sai na tambayi inda ya fito. Saitisin kuwa, wanda ake yi a Bulgeriya da sunan Tabex tun shekarun 1960, ana shansa kwana 25 kacal, kuma shi ya fi dacewa da aljihun mutanenmu. Amma dillalanmu ba su kawo mai lambar da zan iya tabbatarwa ba, sai na bar layinsa babu komai a jerin kayanmu.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na karɓi kwafin lasisin masu kemis. Biyar sun sabunta na bana, ɗaya yana riƙe da na bara da rasit ɗin biyan kuɗi. Mun dakatar da katin turo mutane daga wurinsa har sai takardarsa ta fito.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Mun kammala fom ɗin tambayoyin farko bayan gyara uku. Tambayoyi biyu ne ke nuna ƙarfin kamun: kara nawa a rana, da kuma bayan minti nawa da tashi daga barci ake kunna na farko. Wanda ke kunnawa cikin minti 30 shi ake ba cingam mai miligiram 4, saura mai 2. Wanda ya haura kara goma a rana yakan fara da filasta mai miligiram 21, a sauko zuwa 14, sannan 7. Mun ƙara layi domin masu tabar gari da masu shaƙa anwuru da masu shisha, domin da yawansu idan aka ce "kana shan taba?" sai su ce a'a da zuciya ɗaya.

Layin da ya fi ɗaukar lokacinmu shi ne na bufurofiyon. Ba a ba mai farfaɗiya, ko wanda ya taɓa yin jijjiga, ko wanda ya yanke giya ko ƙwayoyin sa barci farat ɗaya, domin maganin yana sauƙaƙa faɗuwa. Tiramol ma haka yake yi, kuma haɗa su biyun haɗari ne. Duk wanda ya san tashoshin mota da gonakin shinkafar fadama ya san cewa wannan tambaya ba ta ado ba ce a nan. Matsalar ita ce babu wanda zai amsa ta a gaban ƙaninsa ko matarsa. Likita ya ce zai riƙa yin ta shi kaɗai bayan an rufe ƙofa, kuma ba zai ce "kana shan ƙwaya?" ba, sai dai "wane maganin ƙarfi ko na gajiya kake sha idan aiki ya yi yawa?" Idan akwai kokwanto, ba za a rubuta bufurofiyon ba. Bareniklin kuma sai an tambayi lafiyar ƙoda, tunda ta nan yake fita. Hukumar magunguna ta Amurka ta cire babban gargaɗin taɓin hankali daga kwalinsa a Disambar 2016 bayan wani babban gwaji, duk da haka mun bar tambayar damuwa da baƙin ciki a fom ɗin, kuma ana maimaita ta a kowane zuwa. Mai juna biyu da mai shayarwa da wanda bai kai 18 ba, likita ne kaɗai zai yanke abin da za a yi da su.

Na kuma hana wani abu da ya fara zama ɗabi'a. Masu kemis suna turo sunayen mutane da lambobin wayarsu a zauren WhatsApp na aikin. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin mara lafiya, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. A garin da kowa ya san kowa, sunan matar aure a jerin masu tabar gari ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu kati mai lamba ake ba mutum ya kawo da hannunsa, na goge tsofaffin saƙonnin a gaban kowa.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar, kuma mutanen da suka zo cikin kwana huɗun nan sun fi na watan jiya gaba ɗaya. Wanda ya iya haƙura daga alfijir zuwa faɗuwar rana yakan ga cewa sauran awoyin ma za su yiwu. Tambayar kowa ɗaya ce, ko maganin yana karya azumi. Cingam dai babu gardama, sai bayan shan ruwa. Filasta kuwa, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta sa abin da fata ke tsotsa, kamar man shafawa da filastar magani, cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Muna faɗin haka, muna kuma cewa mutum ya tambayi malaminsa, domin fatawa ba aikin kantin magani ba ce.

Bareniklin ya zauna daidai da azumi. Ana farawa da rabin miligiram sau ɗaya na kwana uku, sai sau biyu har kwana na bakwai, sannan miligiram ɗaya sau biyu har mako 12, kuma da ma bayan cin abinci da cikakken kofin ruwa ake so a sha saboda tashin zuciya. Sahur da buɗa-baki ke nan. Sai dai duk canjin lokacin sha, likita ne ke rubuta shi a takardar, ni kuma in maimaita a jikin kwali da Hausa, da boko ko da ajami, gwargwadon wanda mutum yake karantawa.

Wani dattijo mai sayar da hatsi ya dawo jiya da cingam ɗinsa a aljihu, ya ajiye a kan kanta ya ce, "Ɗana, wanga abu shaƙuwa yaka sa ni, ga ƙwannahi." Na ce, "Baba, nuna mini yadda kake yi." Ya ɓare ɗaya a hannu yana kwatantawa, ashe da ya kurɓi kunun tsamiya sai ya jefa a baki ya yi ta tauna da sauri kamar goro, yana haɗiye yawun. Nikotin ɗin cingam ta fatar baki yake shiga, abu mai tsami kuma yana hana shi shiga, wanda aka haɗiye shi ke kawo shaƙuwa da ƙwannafi. Ana taunawa ne a hankali har a ji yaji, a ajiye a kumatu, in yajin ya lafa a sake, kimanin rabin awa, kuma a bar minti 15 tsakaninsa da zoɓo ko kunun tsamiya ko lemo. Laifina ne, domin na yi masa bayani ranar farko amma ban sa ya maimaita mini ba. Na ƙara layi a littafin bayar da magani inda zan sa hannu cewa mutum ya kwatanta da kansa.

Alhamis, 27 ga Maris

Zafi ya haura digiri 40 a waje. Takardun cikin kwalayenmu sun ce a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, gwargwadon samfurin, ma'aunin zafin da ke ɗakin ajiya kuma ya nuna 34 da azahar kwana biyu a jere da wuta ta ɗauke. Mun mayar da kayan ɗakin da ke kan sola, ana rubuta zafi safe da yamma. Filasta kuma tana ɓallewa da zufa a jikin masu kabu-kabu, sai muka koma cewa a manna a saman hannu ko ƙirji inda babu gashi, bayan wanka, fata a bushe, a riƙa sauya wuri kullum. Wadda aka cire a naɗe ta a jefa inda yaro ba zai kai ba, saboda akwai sauran nikotin a jikinta. Cingam ɗin ma muna cewa a kulle shi, tunda a idon yaro alawa ce.

Litinin, 14 ga Afrilu

Mun aika rahoton illar magani na farko zuwa cibiyar sa ido ta NAFDAC ta manhajar Med Safety, na kuma cike fom ɗin takarda mai ruwan ɗorawa domin fayil. Wani direba ne mai shan bareniklin da ya yi ta munanan mafarkai da tashin zuciya har ya kasa tuƙi. Likita ya rage masa. Wani abokin aiki ya ce ai sananniyar illa ce, me ya sa za a wahala. Na ce idan ba mu saba aikawa a kan ƙarami ba, ranar babba ba za mu san inda fom ɗin yake ba.

Ba kowane ƙorafi ne laifin magani ba, kuma wannan ya ɗauke mu lokaci kafin mu gane. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu sinadarai, daga ciki har da kafeyin na goro da shayi da kofi. Idan mutum ya daina, goron da ya saba ci yakan yi masa ƙarfi fiye da da, ga shi kuma yawancinsu suna ƙara goron ne don su cike gurbin sigarin. Sai bugun zuciya da rashin barci, a ce filasta ce. Haka abin yake ga magungunan da suka fi goro haɗari, kamar kulozafin da olanzafin na masu taɓin hankali, da tiyofilin na masu asma, waɗanda kan taru a jini bayan an bar hayaƙi, ko da ana amfani da madadin nikotin. Akwai matashi ɗaya a hannunmu da ke karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Da izininsa likita ya rubuta wa likitansa wasiƙa, kuma ba za a sa masa ranar dainawa ba sai amsa ta zo.

Talata, 6 ga Mayu

Mai asibitin yana so a yi sanarwa a rediyo kafin ranar yaƙi da taba ta duniya, 31 ga Mayu. Rubutun da aka kawo mini ya ambaci sunan magani, ya kuma ce yana raba mutum da taba cikin mako biyu. Na soke duka biyun. Tallar magani sai da izinin NAFDAC da tantancewar hukumar tallace-tallace ta ARCON, maganin da sai da takardar likita kuma ba a tallata shi ga jama'a. Abin da ya rage shi ne akwai sashe, ga ranaku, ga lokaci, a zo a ga likita.

A makon nan kuma wani matashi mai kawo sigarin lantarki daga Legas ya zo da tayin zai buga mana allon sanarwa da riguna kyauta, mu kuma mu ajiye kayansa a kanta a matsayin hanyar daina taba. Ya iya magana, har ya nuna mini a waya cewa ana haka a Ingila. Na tambaye shi lambar rajistar kayan a matsayin magani, babu. Jagorar 2024 ba ta sa sigarin lantarki cikin magungunan da ta ba da shawara ba, sashe na 5.3 na yarjejeniyar taba kuma ya gargaɗi hukumomin lafiya game da kutsen kamfanonin taba. Na rubuta zuwansa da tayinsa a littafin baƙi, na sanar da masu kemis shida cewa mai yiwuwa ya biyo ta wurinsu.

Litinin, 2 ga Yuni

An yi sanarwar rediyo ranar Asabar ba tare da sunan magani ba, yau kuma benci ya cika kafin ƙarfe tara. Na bi littafin bayar da magani daga farko ina gwada shi da takardun likita da kayan da ke kan kanta. Lissafin ƙwayoyi ya daidaita, amma takardu uku ba su da tsawon kwanakin sha, biyu kuma ban rubuta lambar rukunin kaya ba, dukansu na makon farko na azumi lokacin da aka yi cunkoso. Likita ya gyara nasa ya sa hannu da kwanan watan yau, ba mu mayar da kwanan wata baya ba. Kwalaye huɗu na cingam za su ƙare aiki a Agusta, na jawo su gaba, abin da ya saura kuma za a keɓe shi domin lalatawa a ƙarƙashin kulawar NAFDAC.

Mai kemis ɗin da aka dakatar ya kawo lasisinsa na bana, an mayar masa da katunansa. Amsa ta zo daga Kware, an sa wa matashin ranar dainawa bayan Babbar Sallah, da sharaɗin a gan shi duk mako a watan farko. Dattijon hatsi ya sauko zuwa cingam mai miligiram 2, ya ce goro biyu yake ci yanzu maimakon biyar. Layin saitisin har yau babu komai a kansa, na sake rubuta wa dillalai biyu a Kano ranar Juma'a. Ranar 16 ga wata zan je Kamba in duba kantin Alhaji, wanda ya kira ni jiya ya ce an sake kawo masa irin kwalayen nan, ya ce wa mai su ya koma da abinsa.